Zaɓen Murfin Bayan A-kori-kura Ga Mai Jan Tirela da Kwanan Daji

Shekarun baya na sayi murfi mai ninki uku na ɗora wa bayan Hilux ɗina. A gaban shago ya yi kyau ƙwarai, baƙi wuluk, ya kwanta daidai da bakin bodi kamar tare aka ƙera su. Mako biyu bayan haka muka tafi aiki wata gona a yankin Ningi, ina janye da ƙaramar tirela mai ɗauke da tankin ruwa da injin ban-ruwa. Magariba ta yi mana a can, hadari ya haɗo daga gabas, muka tashi ciro tanti da tabarmi. Sai a lokacin na gane cewa sakatar murfin daga ciki take, ba ta buɗuwa sai an sauke ƙofar bodi, ita kuma ƙofar da ta fara sauka sai ta tokare da jak ɗin tirela. Dole muka nemo duwatsu muka tare tayoyin tirela, muka kwance ta, muka matsar da mota gaba, ruwa yana dukanmu. Murfin ba shi da aibu ko ɗaya. An dai saye shi ne kafin a tambayi wane aiki zai yi.

Shi ya sa a wannan jagora murfi zai zo daga baya. Da farko za mu duba abin da kake ja, sannan nauyin da motarka za ta iya ɗauka, sannan inda za ka kwanta. Idan waɗannan uku suka fito fili, murfin da ya dace da kai kusan da kansa zai bayyana.

Mataki na farko: a ina tirelarka take maƙalewa?

Idan na ce tirela a nan, ba babbar motar dakon kaya nake nufi ba. Ƙaramar nan nake nufi da ake ƙulla wa bayan mota: ta tankin ruwa, ta janareta, ta kwale-kwale, ta dawaki, ko ɗakin kwana mai tayoyi.

Hanya biyu ake ƙulla ta. Ta farko ita ce wadda muka sani a nan: ƙwallon ƙarfe a ƙasan bamba ta baya. A Turai da Ostareliya da Afirka ta Kudu faɗin ƙwallon milimita 50 ne, a Amurka kuma mafi yawa inci 2 ne ko inci 2 da 5/16. Irin wannan ƙulli bai shiga cikin bodi ba, don haka kowane irin murfi zai iya zama a kai. Abu ɗaya kawai za ka gwada, wanda ni ban gwada ba: ƙulla tirelar, ka sauke ƙofar bodi, ka ga ko tana sauka har ƙasa ba tare da ta taɓa jak ko akwatin da ke wuyan tirela ba. Idan tana taɓawa, to duk murfin da sai an sauke ƙofa kafin ya buɗu ya fita daga lissafinka, sai dai in za ka iya matsar da jak ɗin baya.

Hanya ta biyu ta Amurka ce da Kanada, inda ake jan manyan ɗakunan kwana da tirelolin shanu da manyan motoci irin su Ford F-250 da Ram 2500. A can maƙalin yana zaune ne a tsakiyar bodi, daidai saman tayoyin baya. Wani faranti ne irin na kan babbar tirela, wani kuma ƙwallo ne a daɓen bodi wanda dogon wuyan tirela yake saukowa ya hau, shi ya sa suke kiransa wuyan dinya. 'Yan'uwanmu mazauna can, ko wanda ya shigo da irin wannan mota, su sani cewa wannan ƙulli yana yanke hukunci tun kafin a je kasuwa. Rumfa mai tsawo, wato irin ɗakin nan da ake kifa wa bodi, ba za ta yiwu ba sam. Murfi ɗaya tilo mai ɗagawa sama kamar bakin kada shi ma ba zai yiwu ba, domin ba a tafiya da shi a buɗe. Abin da ya rage shi ne mai naɗewa, ko mai zugewa ya shige akwati a gaban bodi, ko mai ninki wanda idan an ninke shi yake tsayawa can jikin gidan direba. Kuma sai an auna tazarar da ke tsakanin bakin bodi da ƙasan goshin tirela. Masu wannan harka suna barin kimanin inci 6, wato santimita 15, saboda in mota ta shiga gangare ko kwana, tirela tana karkacewa. Murfin da relinsa ya hau saman bakin bodi yana cin wani abu daga wannan tazara. Wanda relinsa ya kwanta daga ciki shi ne nasu.

Mataki na biyu: lissafin nauyi, wanda mutane suka fi tsallakewa

A nan zan daɗe, domin a nan ne rai yake.

Kowace mota tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka, yana rubuce a littafinta, ko a wata takarda ko ƙaramin ƙarfe da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ga Hilux, Ranger, D-Max, Navara da L200 masu ƙofa huɗu, abin yana kewayen kilo 1,000, wasu sama kaɗan, wasu ƙasa. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka wannan kilo 1,000 na kayan cikin bodi ne kawai. A'a. Mutanen da ke cikin mota suna ciki. Murfi ko rumfa yana ciki. Ƙarfen ja da aka ɗaura yana ciki. Sannan nauyin da wuyan tirela yake dannawa a kan ƙwallo shi ma yana ciki.

Wannan na ƙarshe yana buƙatar bayani. Tirelar da aka loda daidai tana sauke wajen kashi 10 cikin 100 na nauyinta a kan ƙwallo, a Amurka har zuwa kashi 15 suke so. Idan ya gaza haka sosai, tirela za ta riƙa wutsil-wutsil a bayanka in ka yi gudu, kuma wannan rawa ce da take kifar da mota. Masu maƙali a tsakiyar bodi kuwa, nasu yana kaiwa kashi 15 zuwa 25.

Bari mu yi lissafi da tafiya irin wadda aka saba. Maza huɗu, a ce kilo 300. Tirela mai kilo 1,500 da kayanta, tana danna kilo 150. Ƙarfen ja, kilo 30. Rumfar faiba, a ce kilo 90. Kariyar ɗora kaya a samanta, 25. Tanti na kan mota, 65. Mun kai 660 ba mu sa ko buta ba. Jarkar ruwa uku masu lita 25, kilo 75. Jarkar fetur biyu, kusan 40. Ƙaramin janareta, 45. Kula, wato akwatin sanyi, da ƙanƙara da abin sha, 40. Abinci, tabarmi, tukwane, akwatin sifana, a ce 80. Jimla 940. Saura kilo 60 kacal, kuma ba mu ƙidaya buhun masarar da mai gona zai ba ka tsaraba ba.

Yanzu cire rumfa da kariya da tantin sama, ka sa murfin leda mai naɗewa wanda bai fi kilo 15 ba, da tantin ƙasa mai kilo 10. Ka samu rarar sama da kilo 150. Ka ga ashe zaɓen murfi zaɓen nauyi ne.

Akwai wata iyaka ta biyu da ba a cika magana a kanta ba: jimlar nauyin mota da tirela a haɗe. Ana tallata Hilux mai injin dizal 2.8 da cewa tana jan kilo 3,500, kuma gaskiya ne idan tirelar tana da birkinta. Amma a wasu samfuran da aka sayar a Ostareliya, iyakar mota da tirela a haɗe kilo 5,850 ce, motar kuma ita kaɗai ta kai wajen 2,100. Idan ka ja 3,500 cif, abin da ya rage wa direba, fasinja, murfi da kaya bai wuce kilo 250 ba. Sannan mu tuna yawancin Hilux da ke yawo a Najeriya masu injin fetur 2.7 ne, ƙarfin jansu bai kai na dizal ba. Tirelar da ba ta da birki kuwa, ƙa'idar da kamfanoni suke bayarwa kilo 750 ce, komai ƙarfin motar. Yawancin ƙananan tirelolin da masu walda suke haɗawa a garuruwanmu ba su da birki. Wannan magana ce da nake so kowa ya riƙe.

Kuma inda nauyin ya zauna yana da muhimmanci kamar yawansa. Ƙwallon ja yana can bayan tayoyin baya, don haka duk abin da ya danna shi yana ɗaga gaban mota, kamar yadda in an danna hannun amalanke ɗaya gefen yake tashi. Gaba ya yi sauƙi, sitiyari ya yi sakayau, fitila ta haska sama. Maganinsa shi ne kaya masu nauyi, ruwa da janareta da batir, su zauna can gaba jikin gidan direba. Ka riƙe wannan, domin akwai murfin da yake cinye daidai wannan wuri.

Idan akwai sikelin manyan motoci kusa da kai, irin na kamfanonin hatsi ko wuraren fasa dutse, ka loda motarka kamar ranar tafiya ka je ka hau. Gani ya kori ji.

Mataki na uku: a ina za ka kwana?

Wuri uku ne: ƙasa, cikin bodi, ko saman bodi.

Mai kwana a ƙasa cikin tanti shi ne ya fi kowa 'yanci. Murfi a wurinsa ma'ajiya ce kawai, kowane iri zai yi. Ga mai jan tirela ma wannan ya fi sauƙi, domin yana iya kafa zango, ya kwance tirela, ya ɗauki mota ya tafi neman ruwa ko itace ba tare da ya tayar da shimfiɗa ba.

Kwana cikin bodi yana da daɗi inda ƙasa take da laima ko ake tsoron maciji da kunama, amma ka ɗauki tef ka auna. Bodin Hilux mai ƙofa huɗu tsawonsa kimanin mita ɗaya da rabi ne, babban mutum ba zai miƙe ba sai an sauke ƙofa an ƙara da ita. Mai ƙofa biyu kuwa ya haura mita biyu, mutum biyu za su kwanta lafiya. F-150 tana zuwa da ƙafa 5 da rabi, 6 da rabi, ko 8. Mai wannan niyya rumfa ce tasa, ko kuma murfi mai naɗewa da zai kau gaba ɗaya a kafa tanti ko gidan sauro a cikin bodin.

Tantin saman bodi shi ne yayi a yanzu, kuma ina ganin amfaninsa: kana nesa da ƙasa, iska tana ratsa ka, katifa tana ciki kullum. Amma yana buƙatar kariyar ɗora kaya mai ƙarfi, ita kuma kariya tana buƙatar wurin kamawa. Murfi da yawa suna mamaye bakin bodi gaba ɗaya, ba sa barin inda ƙafar kariya za ta tsaya. Don haka ka nemi wanda relinsa yake da tsagi na musamman da ake zura noti a ɗaura sanduna, ko rumfar da aka ƙera da ƙashin ƙarfe daga ciki.

Idan mai sayarwa ya ce maka wannan yana ɗaukar kilo kaza, ka tambaye shi: a tsaye ko a tafe? Lamba biyu ce. Ta tsaye babba ce, ita ce take ɗaukar tanti da masu barci a ciki. Ta tafiya ƙarama ce ƙwarai, ita ce abin da zai jure in mota tana dukan ramuka. Wadda za ka yi aiki da ita wajen saye ita ce ta tafiya, kuma a hanyar gargada irin ta ƙauyukanmu ka rage mata wani abu don kanka. Na ga rumfar faiba da ta tsage daga kusurwa saboda an ɗora mata tanti ba ta da ƙashi a ciki, na kuma ga bakin bodi da ya buɗe saboda nauyin sama yana jijjiga shi wata da watanni.

Mataki na huɗu: yanzu sai mu dubi murafan

Murfin leda mai naɗewa shi ne mafi araha kuma mafi sauƙi. Ana naɗe shi kamar tabarma a ɗaure jikin gidan direba, bodi ya buɗe gaba ɗaya. Ga mai ja da maƙalin tsakiya, ko mai ɗaukar babur yau gobe buhuna, yana da kyau. Rauninsa biyu: reza ɗaya ta ishe ɓarawo, kuma ranar Afirilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi yake haura digiri 40, tana cin leda da zare da sauri. Ba a ɗora masa komai.

Mai ninki uku ko huɗu na alminiyam, irin su BAKFlip, ya fi tsaro, nauyinsa wajen kilo 30. Akwai wanda yake ninkewa ya tsaya a kashi biyu cikin uku, ya bar gaban bodi a rufe, akwai wanda yake miƙewa tsaye jikin gilashin baya. Na biyun yana buɗe bodi duka, amma yana toshe maka madubin tsakiya, a wasu motocin har da jan fitilar birki ta sama. Mai ribas da tirela yana son ganin bayansa. Kuma irin wannan ne ya tsare ni a gonar nan.

Mai shigewa akwati, irin su Retrax da Roll-N-Lock da Mountain Top, yana aiki kamar ƙofar shago ta zuge. Kana iya tsayar da shi a tsakiya, yana da makulli, wasunsu suna buɗuwa daga sama ba sai an taɓa ƙofar bodi ba, wasu kuma suna da relin ɗaura kariya. A takarda shi ne ya haɗa komai. Amma akwatin da yake naɗewa a ciki yana cin wajen santimita 25 zuwa 30 a gaban bodi, wato daidai inda muka ce ruwa da janareta su zauna. A bodi mai mita ɗaya da rabi, wannan babbar asara ce. Sannan yashi abokin gabarsa ne. Wanda yake bin hanyoyin rairayi wajen Damagaram ko Agadas, sai ya zama mai wanke reli a kai a kai, in ba haka ba wata rana zai ja ya ƙi zuwa.

Murfi ɗaya mai ɗagawa yana tare ruwa fiye da sauran, tunda ba shi da gaɓoɓi. Amma duk abin da ya fi bakin bodi tsawo ba zai shiga ba, kuma cire shi sai mutum biyu. Ban cika ba mai kwanan daji shawararsa ba.

Sai rumfa. Ta faiba irin ta Carryboy da ake yi a Tailan, ko Leer da A.R.E. na Amurka, da ta alminiyam irin ta Alu-Cab, da ta ƙarfe marar tsatsa irin ta RSI SmartCap, duka biyun na ƙarshe daga Afirka ta Kudu, inda mutane suka daɗe suna jan tirela zuwa daji a hanyoyi masu ƙura irin namu. Rumfa tana ninka wurin ajiya, tana zama ɗaki, tana ɗaukar tanti in an ƙera ta don haka. Kuɗinta da nauyinta ne matsala. Idan za ka saya, ka nemi mai ƙofofi a gefe. Da tirela a ƙulle, ƙofar gefe ita ce take ba ka kula da kayan shayi ba tare da ka je baya ba. A ra'ayina, ga mai ja da ƙwallo wanda yake kwana a hanya sau da yawa a shekara, rumfar alminiyam mai ƙofofin gefe ita ce ta fi, muddin lissafin nauyinsa ya ba shi dama.

Kada kuma a raina ta gida. Ƙashin ƙarfe da tamfol, irin wanda masu walda a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano suke haɗawa, yana yin aikin da murfi mai tsada yake yi, kuma in ya yage a hanya kowane gari akwai mai ɗinke shi. Sai dai ka tsaya a kan aikin. Ka ce a yi da faif mai kusurwa huɗu, ba ƙarfe mai kauri da zai cinye maka kilo ɗari ba. A ɗaura shi da noti, kada a yi masa walda a jikin bodi, a kuma sa roba tsakaninsa da bakin bodi. Idan dole sai an yi walda a kan motar, a cire kan batir tukuna. Saman ya ɗan yi tozo don kada ruwa ya kwanta. Tamfol ya zama mai kauri irin na manyan motoci, ya sauko ya rufe bakin bodi da kamar tafin hannu, a kuma yi masa buɗi a gefe biyu. Abin da ba zai ba ka ba shi ne tsaro daga ɓarawo.

Game da maganar cewa murfi yana rage shan mai, kada ta shiga lissafinka. Ko akwai wani ɗan ragi, tirelar da ke bayanka ta shanye shi.

Mataki na biyar: ƙura, ruwa, zafi, da abin da ke kashe mutum

Babu murfin da ruwa ba ya ratsawa ko kaɗan. Masu kirki suna tare mafi yawa, abin da ya shiga reli kuma su fitar da shi ta tiyo zuwa ƙasan bodi. Katifa da garin tuwo da tufafi, a zuba su a akwatin roba mai murfi ko da wane irin murfi ka saya.

Ƙura ta fi ruwa wuyar sha'ani, kuma ba ta sama take shiga ba. In mota tana tafe, iskar cikin rufaffen bodi tana yin ƙasa da ta waje, sai ta riƙa zuƙo ƙurar da tayoyin baya suka tayar ta ɓarakar da ke gefen ƙofar bodi da ƙasanta. Shi ya sa mutum zai rufe kayansa ruf a lokacin hunturu, ya isa ya tarar da komai ya yi ja. Magani biyu ne a haɗe: a liƙa roba a kewayen ƙofar bodi, a toshe ƙananan ramukan kusurwa, sannan in rumfa ce a sa mata 'yar tagar iska a sama mai fuskantar gaba, wadda take tura iska mai tsabta ciki ta hana ƙura shigowa. Mutanen Ostareliya da Afirka ta Kudu sun daɗe da wannan dabara.

Baƙin murfi a rana tanderu ne. Magani, batir, da kula ba sa son haka. Idan akwai zaɓi, ɗauki fari ko ruwan toka.

Yanzu maganar da nake roƙon kowa ya ji. Kada a kunna janareta, risho, ko kurfoti a cikin rumfa ko ƙarƙashin tamfol a rufe, ko da sanyin Mambila ne ya dame ka. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari ba shi da launi, barci yake sa mutum, ba ya farkawa. Kada a kwana a bodi injin mota yana aiki, domin salansa tana nan ƙasa. Tukunyar gas ta tsaya a tsaye, a ɗaure, inda iska take wucewa, saboda gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya a daɓen bodi yake taruwa. Jarkar fetur kuma ba a rufe ta cikin zafi tare da batir ko waya mai wuta. Wurinta kan tirela ne ko wani maƙali a waje. Kuma bodi ba wurin zaman yara ba ne in mota tana tafe, da rumfa ko babu.

Mataki na shida: awo kafin biya

Sunan mota kaɗai bai isa ba. Hilux da aka yi daga 2004 zuwa 2015, wadda 'yan kasuwa suke kira Vigo, bodinta daban da na wadda aka fara yi a 2015, wadda suke kira Revo. Tacoma da ake shigowa da ita daga Amurka ba Hilux ba ce, murfin ɗaya ba ya hawa ɗaya. A cikin Hilux ɗin ma bodi iri biyu ne: akwai mai sumul da hannun buɗewa a tsakiyar ƙofa, akwai mai ƙugiyoyin ɗaure igiya a waje da sakata biyu a gefen ƙofa. Irin na biyun yana da yawa a ƙasashenmu, kuma murafan da ake yi wa mai sumul sau da yawa ba sa zama a kansa. Ga shi ƙofarsa ba ta da makulli, murfi kuwa komai ƙarfinsa tsaronsa bai wuce na ƙofar bodi ba. Sai ka tanadi kwaɗo ko a sa mata makulli.

Ka auna tsawo daga bangon gaba zuwa cikin ƙofa, ka auna faɗi a gaba da kuma a baya, domin wasu bodin suna tsukewa. Ka duba ko robar da aka shimfiɗa a bodi ta hau bakinsa, domin in ta hau sai an yanke ta kafin maƙallan murfi su kama. Ka duba ƙarfen da ke bayan gilashi, ko zai zauna tare da murfin ko sai an cire shi. Ka ɗauki hoton duk wannan ka tura wa mai sayarwa, musamman in daga Legas ko Dubai za a aiko. Ka kuma tambaye shi ko ana samun roba, makulli da maƙallai daban, domin su ne suke fara mutuwa.

Mataki na bakwai: ɗaurawa da gwaji

A wanke bakin bodi ya bushe. A liƙa robar gaba, wadda take cike tazarar da ke tsakanin bangon gaba da murfi, domin ta nan ruwa ya fi shiga. A ɗora reli biyu, a kama noti da hannu kawai. A auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, in awon ya zo ɗaya to ya daidaita. A rufe murfin a buɗe sau uku ko huɗu, sannan a ɗaure noti, ba da ƙarfin da zai lanƙwasa bakin bodi ba. A zura tiyon ruwa ta ramukan da bodin yake da su tun asali, kada a bar shi yana zuba a kan wayar fitila ko soket ɗin tirela. Sai a shimfiɗa kwali a ciki, a rufe, a watsa ruwa da bokiti ta kowane gefe. Inda kwali ya jiƙe, nan ne aikinka.

Relin mai shigewa akwati ba a shafa masa giris ko baƙin mai, domin ƙura za ta kama ta zama kamar kwaɓaɓɓen yashi. Ruwa da burushi sun isa. Ledar mai naɗewa kuma a riƙa ajiye motar a inuwa in da hali.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako ɗaya kafin ka tashi, ka loda komai kamar gaske, ka ƙulla tirela, ka haɗa sarƙar tsaro da wayar fitila, ka sa wani ya tsaya baya ya ga birki da sigina suna kamawa. Ka tsaya daga gefe ka dubi motar: in bayanta ya durƙusa gaba ya ɗaga, ka sake rabon kaya. Ka fita da ita kilomita 30 ko 40 a hanyar da ta haɗa kwalta da burji, ka yi kwana mai tsanani hagu da dama a fili a hankali ka ga ko wani abu yana taɓa wani. In ka dawo, tirela tana ƙulle, ka gwada ciro tanti, kula da fitila cikin duhu. Sannan ka bi notin murfi da na kariya ɗaya bayan ɗaya da sifana, domin bayan gargadar farko kusan kullum sai ka samu wanda ya saki.